Kunyar Ɗan Fari Ba Ta Kai Ɗakinsa

A Sabon Birni da Isa, uwa kan tsufa ba ta ambaci sunan ɗanta na fari ba, saboda kara. Amma ranar da matarsa ta haihu, sai kunyar ta tsaya a zaure, Inna ta shige ɗakin maijego, tana auna kanwar kunu, tana ɗura wa jariri ruwa, alhali a asibiti an ce nono zalla har wata 6. Za a ce ai ta raini goma. Haka ne, a tambaye ta in an rikice. Sai dai al'ada ta riga ta yanka mata rabonta: ta kira jika "mijina", ta bi shi kuɗin cefane. Sarautar Sarkin Gobir kuwa akwai a Isa, akwai a Sabon Birni, ba a neman ta uku a ɗakin suruka.