Farfesa Ya Je Zawarcin Lebura

Bazazzage bawana, ina gaisuwa, ko da yake a ƙa'ida bawa ne ke fara durƙusa wa ubangidansa. Labari ya iske ni har Kano cewa ka buɗe sabon aji a majalisarku ta Samaru. An ce da an idar da la'asar sai ka gyara zama a kan benci, ka turo hula gaba, ka shiga karantar da yara cewa ƙwallo ilimi ce, wai duk wanda bai shiga makarantar horon 'yan wasa tun yana ɗan shekara takwas ba, gara ya nemi wata sana'a. Ban yi mamaki ba. Ku Zagezagi ko shayi za a haɗa sai kun tambayi mai shayin takardar shaidarsa. Shi ya sa kuka tattara kuka bi Arsenal, don kun ji ana kiran Arsène Wenger da Farfesa, kuma an tabbatar muku yana da digirin tattalin arziki daga Strasbourg.

To, Malam, yau ni zan ɗauki darasin, kai ka koma layin ɗalibai. Sunan darasin Jamie Vardy, kuma na san tun daga nan cikinka ya fara ƙugi.

A Sheffield aka haife shi, a 1987. Ya shiga irin makarantar da kake yabo, ta Sheffield Wednesday, ƙungiyar da yake ƙauna tun yana yaro. Yana ɗan shekara 16 malaman suka dube shi sama da ƙasa, suka ce ya yi ƙanƙanta, suka sallame shi. Masu ilimi ke nan. Sai ya koma wata ƙungiyar 'yan dagaji mai suna Stocksbridge Park Steels, can ƙasan ƙasa, inda in ka fara ƙirga rukuni daga Firimiya sai yatsun hannu ɗaya sun ƙare ka ari na ɗayan kafin ka iso. Fam 30 ake ba shi a mako. Da rana yana leburanci a masana'antar da ke ƙera abin da asibiti ke ɗaura wa masu ciwon ƙafa, da yamma ya ɗaura takalmi. A 2007 ma kotu ta same shi da laifin faɗa, aka maƙala masa na'ura a idon sawu na wata shida, da sharaɗin ƙarfe shida na yamma ta yi masa a gida. Sai ana tsakiyar wasa a cire shi, ya ruga gida kafin lokaci ya cika. Da a ajinka yake, da tuni ka rubuta masa “ba ya jin magana” da jan biro.

Yana da shekara 23 kafin Halifax ta saye shi, a 2010. Shekara ta zagayo ya koma Fleetwood, ya zura ƙwallo 31 a kaka ɗaya, suka haye da kofin rukuninsu. A 2012 Leicester ta biya fam miliyan 1, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan ɗan wasan 'yan dagaji. Kakarsa ta farko ba ta yi kyau ba, har ya yi niyyar ajiye takalmi, sai da Nigel Pearson da mataimakinsa Craig Shakespeare suka lallashe shi. Bai taka filin Firimiya ba sai yana da shekara 27, bai sa rigar Ingila ba sai yana da 28. Kai kuwa, in ban manta ba, a wannan shekarun ka riga ka yi ritaya daga ƙwallon layi, kana ba kowa labarin gwiwar da ta hana ka zuwa Turai. Gwiwar nan har yau ba a samu likitan da ya ga ciwonta ba, kuma ba ta taɓa hana ka tsallake kwata ba in an ce ana rabon waina.

Yanzu mu zo kakar 2015 zuwa 2016, inda nake so ka buɗe kunne. Kafin a fara, gidajen caca na Ingila sun ce duk wanda ya ajiye fam 1 a kan Leicester za ta ɗauki kofi, fam 5,000 za su ba shi, wato sun ɗauke shi mahaukaci. Ƙungiyar da saura ƙiris ta faɗa rukuni na biyu a kakar da ta gabata, sai da ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshe ta sha. Aka kawo Claudio Ranieri, jama'a na dariya. Ba wani dogon lissafi a wasansu. N'Golo Kanté ya ƙwace, Danny Drinkwater ko Riyad Mahrez ya cilla gaba, Vardy ya zura da gudu ta bayan masu tsaron baya, kafin su waiwayo gola na tsintar ƙwallo a raga. Wasa goma sha ɗaya a jere yana ci, har ya karya tarihin Ruud van Nistelrooy na wasa goma, kuma don a ƙara wa abin gishiri, a ragar Manchester United ya karya shi, ranar 28 ga Nuwamba.

Na san amsar da ka tanada, don ka sha ba ni ita: ai mun doke su gida da waje. Gaskiya ne, ba zan ci haƙƙinka ba. Sau uku kacal aka ci Leicester a wannan kaka, biyu ku ne. Kun ba su 5 da 2 a gidansu, ko da yake biyun nan duka Vardy ne ya zura. A Fabrairu kuma, bayan ya fara jefa muku fenareti, an kori mutum ɗaya daga cikinsu, Danny Welbeck ya sa kai a minti na 95 kuka ci 2 da 1. Daren nan ban yi barci ba saboda kiran wayarka. Har cewa ka yi in fara ɗinka ankon bikin kofi. Mako biyu bayan nan wani yaro ɗan shekara 18, Marcus Rashford, ya zura muku biyu a Old Trafford, Swansea ta biyo ku har gida ta ƙara muku, wayarka kuma ta shiga matsalar caji wadda ba ta warke ba sai bayan sallah. Ranar 2 ga Mayu, da Chelsea ta riƙe Tottenham 2 da 2, 'yan Leicester suna gidan Vardy suna kallo, nan suka zama zakarun Ingila. Maki 81 gare su, ku 71. Kun ci jarrabawar gwaji sau biyu, lebura ya tafi da sakamakon ƙarshen shekara. Abin da ya rage muku shi ne murnar kun gama a saman Tottenham, kuma wallahi kun yi ta da zuciya ɗaya.

Sai babban abin kunyar. A watan Yuni, Farfesa da kansa ya naɗe tabarmar girman kai ya tafi zawarcin lebura. Arsenal ta ajiye kusan fam miliyan 20 da kwantiraginsa ya ce in an biya zai iya tafiya. Kai kuma nan take ka canza wa'azi. Mutumin da watanni kaɗan baya kake cewa ba shi da komai sai gudu, ya dawo “ɗan wasanmu”. Vardy ya tafi gasar Turai a Faransa, ya bar ku kuna leƙen waya safe da yamma, sannan ya sa hannu a sabon kwantiragin shekara huɗu da Leicester. Ni ban ga laifinsa ba. Mutumin da abincinsa ƙwallo ɗaya ce doguwa a bayan 'yan baya, me zai yi a inda sai an yi taron majalisar malamai a bakin raga, kowa ya taɓa ya miƙa wa na kusa, kafin a yanke shawarar bugawa? Kuka huce da sayen Lucas Pérez daga Deportivo, wanda ya ba ku ƙwallo ɗaya tal a Firimiya ya kama hanyar gida.

Kada ka ce ina fakewa da ƙungiyar wasu. Ni ka san ni, Sai Masu Gida. Kuma ko a nan muna da ta cewa, don a bazarar da ya ƙi ku, ɗanmu na Kano Pillars, Ahmed Musa, ya isa Leicester daga CSKA Moscow. Zamansa can bai yi daɗi ba, benci ya fi filin saninsa, ga Vardy ya tsare ƙofa ba ya gajiya ba ya tsufa. Amma dai ya zauna ɗaki ɗaya da zakarun Ingila, daga baya Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suka bi sahu, suka ɗaga kofin FA tare da Vardy a 2021.

Kanté ya tafi Chelsea, Drinkwater ya bi shi, Mahrez ya koma Manchester City. Shi Vardy ya zauna, kuma kamar ya yi rantsuwa a kanku. A 2020 ya ɗauki takalmin zinare da ƙwallo 23 yana da shekara 33, ba a taɓa samun mai shekarunsa ya ɗauka ba a Firimiya. Wa ya bari a baya da ƙwallo ɗaya? Aubameyang ɗinku, mai 22. A Oktoban shekarar ya taso daga benci a Emirates, ya sa kai ɗaya, Leicester ta ci ku a gidanku karo na farko tun 1973. Lokacin ko auren iyayenka ba a ɗaura ba.

E, na ji, Leicester ta faɗa rukuni na biyu a 2023. Yi dariyarka, na ba ka minti ɗaya. Amma mutumin bai gudu ba. Ya bi su can, ya zura 18, suka dawo da kofi a hannu. Da suka sake zamewa a 2025 ya yi sallama a wasansa na 500 da ƙwallonsa ta 200, ranar 18 ga Mayu a ragar Ipswich, lissafi cif kamar na ɗan kasuwar Kwari. Daga nan ya wuce Cremonese ta Italiya yana da shekara 38. A tsakanin nan ku kuma kun gama na biyu a 2023, na biyu a 2024, na biyu a 2025, sau uku a jere kamar wanda aka yi wa asiri da lambar. Shekara ashirin da ɗoriya, daga 2004 zuwa 2025, kuka yi kuna maimaita aji ɗaya, kowace shekara da kyakkyawan rubutu.

Shawara ɗaya zan ba ka a matsayina na ubangida mai tausayi. An ce ranar wasa gwangwanin Red Bull uku Vardy yake sha da gahawa da wainar ƙwai. Kada ka gwada, don na san halinka, nan ne kaɗai za ka yi koyi da shi. Kai dai ka rufe ajin nan na Samaru, ka mayar wa yara kuɗin makarantarsu. Kuma watan Cika-ciki na tafe, ina nan zuwa Zariya karɓar kuɗin sharata, da na bara da ka ce sai Arsenal ta ci kofi. Ka haɗa da kuɗin ankon 2016, don telan har yau yana nemana.