Kun Ƙirga Motoci, Wa Ya Ƙirga Buhuna?

'Yan fada! A'a, kowa ya koma ya zauna. Ba rabon shinkafa na zo yi ba, ba kuma sunaye na zo rubutawa ba, don haka a mai da katin shaida aljihu. Tsiya ce ta kawo ni, kuma ku zan yi wa: ku da kuke yanke hukunci tun kafin shayin farko ya tafasa cewa duk wata babbar ƙungiyar agaji da ta taka ƙasar Diffa ɓarauniya ce mai farar mota.

Karatun naku ai har yara sun haddace. "Da sunanmu ake roƙo, a Yamai ake ci." "Mu ne hoto, su ne albashi." "Kuɗin kat-kat guda ya isa ya haƙa wa gari rijiyoyi." Alhaji na can gefe, wanda bai taɓa buɗe rahoton kuɗin wata ƙungiya ba, shi ke rantsuwa cewa kashi 90 cikin 100 a otal yake ƙarewa. Ranka ya daɗe, a wace takarda ka gani? "Ai kowa ya sani." To, madalla da Malam Kowa, akawun da ba a taɓa ganin littafinsa ba.

Kafin ku ce an saye ni da kuɗin zaman taro, bari in ƙara muku harsashi, don naku ya yi kaɗan. Ruwa ba ya tsami banza. A 2017 tarayyar ƙungiyoyin Red Cross ta duniya ta amsa da bakinta cewa fiye da dalar Amurka miliyan 5 na yaƙi da cutar Ebola sun salwanta a Saliyo da Gini da Laberiya, ta hanyar rasit na bogi da aringizon farashi da haɗin baki da ma'aikatan banki. A 2015 'yan jarida a Amurka suka bankaɗo cewa Red Cross ta ƙasarsu ta tara kusan dala miliyan 500 bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, amma gidajen dindindin da ta gina shida ne kacal. Ita kuwa ta ce kuɗin sun tafi a wasu ayyukan matsuguni. A 2018 asirin Oxfam ya tonu game da lalatar da wasu ma'aikatanta suka yi a Haitin. Kun ga ba ku kaɗai ke da ƙorafi ba. Tsohuwar da ke ba da sadakarta a Ingila ma ta yi tsaki.

Zargin nan kuma ɗan gida ne, don yana da kaka a Maine-Sorowa. Marigayi Shugaba Tandja Mamadu, haifaffen garin, shi ne a lokacin yunwar 2005 ya ce ana zuzuta lamarin don a tara kuɗi, kuma a zamaninsa ne aka dakatar da likitocin MSF na Faransa a Maraɗi a 2008. Wato in gado ake nema, kun gada.

Sannan ga manyan alƙaluman da ke sa mutum ya ajiye kofin shayi. A taron Oslo na Fabrairun 2017 an yi alkawarin dala miliyan 672 don Najeriya da yankin Tafkin Chadi. A Berlin, Satumbar 2018, an haura biliyan 2. A Yamai, Janairun 2023, an sake ambaton fiye da miliyan 500. Mutumin da ke kwance cikin bukkar zana da leda a Garin Wanzam ko Kinjandi ya ji wannan a rediyo, ya dubi tukunyarsa, in bai yi zargi ba ai sai a duba lafiyarsa.

To, an gama lallashi. Yanzu ku gyara zama.

Da fari, alkawari ba kuɗi ba ne. Wanda ya taɓa jiran gudummawar biki daga abokai ya san tazarar da ke tsakanin "in sha Allahu zan aiko" da abin da ke shiga hannu. Na biyu, kuɗin ba na Diffa kaɗai ba ne. Ƙasa huɗu ke raba su, Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma a tsawon shekaru, kuma Borno ce ke da kaso mafi tsoka saboda can mutane suka fi yawa. Na uku, buhu ba ya da fiffike. Daga Yamai zuwa Diffa ya haura kilomita 1,300, bayan doguwar tafiyar da kayan suka yi daga bakin teku, wadda ta ƙara tsawo tun da aka rufe iyakar Benin a 2023. Mai, direba, sito, maigadi, ɗan dako, kowanne ana biyansa. Kat-kat ɗin da ke tsone muku ido, ku gwada shiga yashin Ngurti da ƙaramar mota, ku dawo ku ba mu labari.

Amma kada ma'aikatan ƙungiyoyi da ke leƙen wannan rubutu su yi saurin tafi, don ku ma ga naku. Hukumar abinci ta duniya, wadda muke kira PAM, tana cire kashi 6.5 cikin 100 na yawancin gudummawa don hidimar hedikwata. Adadin ba shi da yawa a ido. Sai dai wannan na saman tsani ne kawai. Mai ba da kuɗi ya miƙa wa hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ta miƙa wa babbar ƙungiyar waje, ita kuma ta ba ƙungiyar gida kwangila, ƙungiyar gida ta kafa kwamiti. Kowane mataki da ofishinsa da motarsa da kasonsa, kuma yawancin wannan a takarda "aiki" ake kiransa, ba "hidimar ofis" ba. Kuɗin da za su zube ba sai an sace su ba. Tsawon hanya kaɗai ya isa ya rame da su. Su kansu manyan sun san haka. A Santambul, cikin Mayun 2016, suka yi alkawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa isa ga ƙungiyoyin gida ba tare da dogon zagaye ba. Shekarar ta zo ta wuce ba a ko kusanci wurin ba. Wannan ita ce tuhumar da ke da haƙora, kuma ban taɓa jin an ɗaga ta a fada ba. Kuna can kuna ƙirga motoci.

Yanzu mu sauko matakin ƙarshe na tsanin, inda na san za a fara kallon ƙasa. Wa ke rubuta sunayen masu karɓa? Baturen Jeniba bai san gidan kowa a Tumur ba. Bai san wace ce bazawara ba, bai san wane ne ke da shanu a daji ba. Da ɗan gari akan ci gari. Gidan da ke da mutum biyar ranar suna, yaya aka yi ya zama mai mutum goma sha biyar ranar rajista? Wa ya sa sunan surukinsa mai shago a gaban na marainiya? Buhun da aka rubuta wa "ba na sayarwa ba ne", da ƙafarsa ya taka zuwa kasuwa? Na yarda, wata uwar takan sayar da mudu biyu don ta sayi sabulu da magani, wannan ba mai ganin laifinta. Amma wanda ya saye buhu hamsin ya jibge a sito fa, daga Faransa ya zo?

Kai kuma Malam, da kake cewa duk mayaudara ne, ba kai ne ka kai takardun ɗanka ofishinsu har da rakiyar gaisuwa don a ɗauke shi direba ba? Alhaji mai kashi 90, gidanka na bayan kwalta wa ka ba haya, kuma a nawa? Malaman makaranta da ƙananan ma'aikata sun san yadda kuɗin haya ya yi tsalle a garin Diffa tun da ofisoshin nan suka cika shi, kuma ba ƙungiyoyin suka sa wa kansu farashin ba. Hajiya, taron bitar da kika halarta a kan wanke hannu, sau nawa kika koyi wanke hannun kafin ki ƙware? Ko ambulan ɗin ƙarshen taro ne bai ƙare ba? Laifi tudu ne. Na ga Bafulatani yana dariya yana nuna Babarbare, Babarbare yana nuna Bafulatani. Ku bar wasan taubasai, wannan layin kowa ya shiga.

Sai kuma abin da zargi ya kan manta. A farkon Yunin 2016, da aka kai wa Bosso hari, mutum wajen 50,000 suka watse, akasarinsu suka zube a gefen babbar hanyar kwalta, cikin zafin bazara, ba rijiya ba inuwa. Ruwan da suka sha a kwanakin nan a tanka aka kawo shi, kuma wani ne ya biya. A 2017 cutar shawara nau'in E ta ɓarke a jihar, ta fi yi wa mata masu juna biyu kisa. Masu fararen motocin nan na cikin waɗanda suka tsaya a kan maganin ruwa da jinya. Likitocin tiyata na CICR, wato kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa, sun yi shekara da shekaru suna ɗinke masu raunin harsashi a babban asibitin Diffa. Sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Foraj bai ciyar da kansa ba. Wanda ya ce ba a yi komai ba, ya je ya faɗa a gaban matar da aka ciro wa ɗanta harsashi.

Ga shi kuma zamani ya kawo muku gwaji kyauta. A Nuwamban 2024 hukumomin Nijar suka janye izinin aikin ƙungiyar Acted ta Faransa da APBE ta gida. A Fabrairun 2025 aka umarci CICR ta tattara kayanta. Gwamnati ta zarge ta da hulɗa da 'yan bindiga, ita ta musanta, ta kuma rufe ofisoshinta, har da na Diffa. A farkon 2025 ne kuma Amurka ta datse mafi yawan taimakon da take bayarwa a duniya. Ba shari'ar kowa zan yanke a nan ba. Tambaya ɗaya ce: motoci sun ragu, to buhuna sun ƙaru? Kuɗin da kuke cewa ana ci da sunanku, da mai ci ya tafi, sun biyo hanya sun zo hannunku?

Na san inda ainihin ciwon yake, kuma a nan ba zolaya. Mutanen bakin Komadugu ba 'yan bara ba ne. Tattasan da ake nomawa daga Diffa zuwa Geskeru zuwa Bosso shi ake shanyawa ya cika motoci zuwa kasuwannin Najeriya, har ake masa kirari da jan zinari. Bandar tafki ta aurar da 'ya'ya, ta kai mutane Makka. Bayan harin Boko Haram na 6 ga Fabrairun 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci: aka hana babur, aka hana cinikin tattasai da kifi don a toshe wa Boko Haram hanyar kuɗi, aka taƙaita mai da taki, a watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafki. Sai a 2017 aka sassauta wa tattasai, kifi kuwa sai 2019. Mutumin da jiya yake fitar da zakka, yau an ba shi kati an ce ya bi layi, yaro sa'an ɗansa yana duba sunansa a kwamfuta. Ko da ba a ci ko sisi ba, wannan mutumin ba zai so mai rabon ba. Fushinsa na gaskiya ne. Sai dai in fushi ya tsaya a "duk ɓarayi ne", ɓarawon gaske ya ji daɗi, don an cuɗa shi da mai gaskiya, ba wanda zai iya ware shi.

Saboda haka ga aikin gida, 'yan fada. Duk ƙungiyar da ta kafa allo a garinku, ku tura bulama da limami da shugabar mata da wani yaro mai boko, su yi sallama cikin ladabi su tambaya. Nawa aka ba ku don wannan aikin? Wa ya bayar? Nawa ne zai iso garin nan, nawa ne zai tsaya a hanya? Wa ya rubuta sunaye, kuma za a karanta su a bainar jama'a? Ina ake kai ƙara in an ga ba daidai ba? A nemi a manna amsar a bangon ofishin magajin gari, a karanta ta a rediyo da Barbarci da Hausa da Fulatanci, ba a rufe ta cikin rahoton Faransanci da za a aika Turai ba. Ku ƙara da wadda ta fi duka: a cikin kuɗin nan nawa ne na injin ban ruwa da iri da taki da shingen da zai tare kogi, ganin irin ambaliyar da ta ci unguwanni da gonaki a 2019 da 2022? Agajin da ba ya shirin mai da manomi gonarsa, kansa yake yi wa aiki.

In kun gama da su, kada ku naɗe tabarma. Ku yi wa asusun ginin masallacin unguwa tambayoyin nan, ku yi wa ƙungiyar 'yan asalin gari, ku yi wa kwamitin rabon da ƙaninku ke shugabanta. Ƙungiyar da ta buɗe littafinta, ku ba ta wuri ta yi aiki. Wadda ta ƙi, ku kira sunanta ita kaɗai, da hujja a hannu, ku kai ta gaban hukuma. Zargi kyauta ne, kowa na iyawa. Lissafi shi ne aikin manya. Alhaji, a zuba shayi na biyu, a kuma aiko yaro da biro da takarda.