Yadda Za Ka Ƙera Jirgin Zamanin Yaƙin Hitila a Cikin Wayarka

Idan kana da waya mai ɗan ƙarfi, da haƙuri, da mai cajin da ba ya gajiya da ganin fuskarka, to ka mallaki kayan ƙera jirgin sama mai inji huɗu. Ba walda, ba tiredar ƙarfe, ba neman izinin kowa sai na Inna, wadda za ta so jin dalilin da tuwo ke hucewa kana sunkuye. Akwai gem mai suna SimplePlanes da ke hawa wayar Android. Zai zube maka sassa a gaba, fiffike da taya da inji da tankin mai, ya ce bismilla. In ka harhaɗa daidai, jirgi ya tashi. In ka yi ha'inci, ya tona maka asiri tun a kan titi.

Abokai za su ce ka ɗauki Lancaster na Ingila, don sun gan shi a fim. Jirgi ne mai kyau, ban musa ba. Amma ɗan Bebeji ko Kiru da zai kashe dararensa a kan jirgi, gara ya kashe su a kan wanda ya taɓa shan ƙurar Kano, wato B-24 Liberator na Amurka. Tun watan Satumba na 1940 Turawan Ingila suka fara sauke ƙananan jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana, su harhaɗa su, su biyo da su ta Legas, Kano, Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Da Amurka ta shiga yaƙin, manyan jiragenta ba su buƙaci akwati ba. Da fukafukansu suke zuwa ta Barazil, su tsallako teku zuwa Akara, su yada zango a Kano su sha mai, sannan su nausa gabas. Liberator na cikin waɗannan baƙi. Ka ga ashe ba baƙon ido za ka ƙera ba, tsohon baƙon gari ne.

Kafin ka taɓa komai, nemo zanensa ta fuska uku: gaba, gefe da sama. Tsawon fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan mita 33 da rabi ne, gangar jikin kuma kimanin mita 20. Riƙe wannan da kyau, don a nan yawancin masu farawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Ido ya saba ganin jirgin fasinja mai dogon jiki, sai hannu ya ja gangar ta zarce fukafukai. Liberator ba haka yake ba. Gajere ne mai zurfin ciki, gefensa a shafe kamar akwati, fiffikensa siriri dogo a dasa a kafaɗa, ba a ƙugu ba. Wutsiyarsa biyu ce, faifai guda a dama guda a hagu. Tayoyi uku: ɗaya a ƙarƙashin hanci, biyu a fukafukai. Kada ka ji kunyar muninsa. Haka kamfanin Consolidated ya fitar da shi a watan Disamba na 1939, kuma da wannan fuskar aka ƙera sama da guda 18,000, adadin da babu wani babban jirgin jefa bama-bamai da ya taɓa kaiwa.

Gina ɓangare ɗaya kawai, sannan ka danna maɓallin da ke kwafo shi zuwa ɗaya ɓangaren. Wanda ya ce idonsa ma'auni ne, zai dasa injin dama da na hagu da hannu, shi ne za ka tarar jirginsa yana kewaya fili yana neman abin da bai ajiye ba. Injinan huɗu ne, kowanne da ƙarfin doki 1,200 da farfela mai kunne uku. Na san zuciya za ta raya maka ka ninka ƙarfin don ya tashi da wuri. Kada ka yarda. Jirgin da ya kusa tan 30 in an cika shi ba ya zabura. Yana jan jiki ne a kan titi, yana gurnani, sai ka fara cire rai sannan ya ɗaga. Wannan nauyin shi ne daɗin abin.

Yanzu ga inda nake so ka gyara zama. Gem ɗin zai nuna maka wasu 'yan ɗigo a jikin jirgin. Ɗaya cibiyar nauyi ce, inda duk nauyin jirgin ya taru. Ɗaya kuma inda iska ke tallafe shi ne in yana tafiya. Dole ne ta nauyi ta ɗan gabaci ta tallafi, kaɗan, ba da yawa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Tudun Wada ranar kasuwa yana kallon 'yan dako suna lodin buhunan masara ya riga ya san karatun nan: a tara kaya a baya, gaban mota ya yi sama, sitiyari ya zama ado; a danne gaba, mota ta ƙi juyuwa. In nauyin jirginka ya koma baya, yana barin ƙasa zai ɗaga hanci ya kalli sama, ya wuntsila ya dawo. In ya yi gaba da yawa, za ka ja sanda har ƙirji, shi kuwa ya ci gaba da gudu a ƙasa har titi ya ƙare. Maganin ba addu'a kaɗai ba ce: matsar da fiffike taku ɗaya, gwada, sake matsarwa, sake gwadawa. Zuba man a cikin fukafukai kamar yadda na gaskiyar yake, don kada mai ya ragu a sama ma'auninka ya goce. Manyan tayoyin nan biyu kuma su zauna dab da bayan cibiyar nauyi. In suka gabace ta, jirgin zai zauna daɓas a kan wutsiya tun ba a kunna shi ba.

Zai faɗi. Zai faɗi har ka haddace ƙarar. Kada ka yi gwajin farko a teburin mai shayi, don a nan kowa injiniya ne, kuma wanda bai taɓa ɗaure sarkar keke ba shi zai fi kowa bayani. Shiga ɗaki, ajiye kwafin aikinka kafin kowane gyara, kuma in bayan wayar ya yi zafin da zai gasa gurasa, ka ba ta hutu. Rage ƙananan sassa ma taimako ne. Ba sai ka dasa kowace ƙusa ba.

Fenti shi ne ƙarshe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, jirgin da ya sha ado yana tangaɗi a sama abin tausayi ne. In ya daidaita, shafa masa ruwan ƙasa irin na waɗanda suka yi aiki a hamadar Libiya.

Batun bama-bamai kuwa, ni dai na ce ka bar cikin nan fayau. Mutum goma ne ke shiga irin wannan jirgi, yawancinsu samari sa'anninka. Ranar 1 ga Agusta 1943, irin waɗannan jirage sama da 170 suka tashi daga Bengazi don kai hari matatun man Romaniya, fiye da 50 ba su dawo ba, ban da mutanen da wuta ta faɗo wa a ƙasa. Akwai ɗan'uwansa na dako mai suna C-87, jiki ɗaya fiffike ɗaya, an cire bindigogi an buɗe tagogi, aikinsa ɗaukar mutane da kaya. In ka ƙera wannan, ba ka saɓa wa tarihi ba, kuma wahalar tuƙin ba ta ragu da komai ba.

Abu ɗaya SimplePlanes ba zai ba ka ba: ƙasarmu. Tsibiransa ƙirƙirarru ne. Mai son ya ga gida daga sama sai ya samu kwamfuta da X-Plane, wanda ke zuwa da taswirar duniya da manhajar ƙira mai suna Plane Maker. Aikin ya fi wuya, amma ladan ya fi yawa. Tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ka fuskanci kudu. Kafin kwata ɗin awa ruwan Tiga, madatsar da aka gina zamanin Audu Bako, zai bayyana a gabanka. Bi hanyar Jos daga Kwanar Dangora, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa saman dajin Falgore. Daga nan fara hawa tun da wuri, don duwatsun Riruwai a Doguwa sun haura mita 1,000, kuma Liberator ba ya son a tashe shi hawa da gaggawa. In kana ji da kanka, sa hazon hunturu ka gwada komawa Kano da allon ma'aunai kaɗai.

Zaɓi lokacinka. Kada ka fara da damina ana noma, kada ka fara da kaka ana casa, in ba so kake Baba ya yi wa wayar saukar gaggawa ba. Bari amfani ya shiga rumbu.

Ga iyaye kuma, Baba da Inna, ku yi haƙuri da yaron nan. Hannun da ya fara da motar kara da ta langa-langa ne ya samu sabon fili. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da sassan tsofaffin motoci da babur, duniya ta ji labarinsa. Abin da ɗanku ke koya na nauyi da ma'auni da iska, shi ake biyan kuɗi a koya a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya.

Kai kuma, ranar da jirginka ya tashi ya sauka da tayoyinsa uku, kada ka ɓoye ilimin. Kira ƙannenka, maza da mata, ka kwance fiffiken a gabansu, ka miƙa musu wayar su mayar da shi.