Masu Kunun Roba a Zagga, Kowa da Agogonsa

Tun da robar lemo ta kori ƙwarya daga tallan kunun zaƙi, sana'ar ta samu sabon alƙali, wato murfi. A ƙwarya kunu na numfashi yadda ya ga dama. A roba kuwa, iskar da tsami ke haifarwa ba ta da mafita, sai ta taru tana jiran mai buɗewa. A Zagga, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ba ta daɗewa tana jira. Gero ɗaya ake jiƙawa a kowane gida, amma kowace mai kunu da irin zamanta da lokaci.

Akwai Gaggawa, yawanci amarya ce da ta tada jari da kuɗin biki. An faɗa mata a jiƙa gero ya kwana, a niƙa da citta da kanumfari da busasshen dankali, a raba ƙullu biyu, a dama babban kaso da tafasasshen ruwa, sannan a zuba ɗanyen. Duk ta haddace, abin da ya wuce ta kawai shi ne a jira damammen ya huce. Tururi na tashi take antaya ɗanyen ƙullu. Zafi ya kashe sinadarin dankalin da zai tsinka kunun ya fito da zaƙinsa, sai a wayi gari da abu mai kauri da ya ƙi bin mazurari. Ta ƙara ruwa, ta ƙara sukari, ta ɗura da ɗuminsa. Kafin azahar sukari ya cinye riba, ita kuma ta fara tuno wace maƙwabciya ce ta leƙo jiya ta ce "sannu da aiki" da wata irin murya.

Sai-an-jima ita ce akasinta. A wurinta kowace awa da kunu ya ƙara a rufe, garɗi ne ya ƙaru. Kwana ɗaya, daga isha'i zuwa asuba, ya ishi kunu, amma ita sai rana ta take tsaka take neman rariya. Abin da ba ta sani ba, aikin tukunyar nan hawa biyu ne. Ƙwayoyin da ke kawo ɗan tsamin nan mai daɗi, dangin na nono, su ke fara aiki. In an ba su dogon lokaci, yis ya karɓi ragama, ya ci sukari ya fitar da iska da barasa. Da wannan hawa na biyu masu burkutu ke cin abinci, haka ma masu cukutu a tsallaken iyaka, cikin ƙasar Benin. A jihar da Zagga take, wadda ta ƙaddamar da shari'a tun 2000, wannan ba garɗin da ake nema ba ne. Mijinta, wanda ya sha jin malamai na karanta cewa ko tsimin dabino ba a shan sa bayan kwana uku, ya kan kurɓa, ya yi shiru, ya ce, "Hajiya, kunun ga ya fara magana, a ba tumaki." Ita kuma ta ce ai bakinsa ne ba lafiya.

Sabuwar fitowa ita ce Mai-waya. Ba ta tambayar kowa a unguwa, malamarta na TikTok, tana zaune a Ingila. Malama ta ce a bar kunu awa 24 a ɗaki, ita ma ta bar shi awa 24 a ɗaki. Sai dai ɗakin malama da ƙyar ya kai digiri 20, nata kuwa rufin kwano ne, ba sili. Da ta bincika da ta ji cewa Turawan ma tsoron zafi suke. A Bavaria ta ƙasar Jamus, a 1553 an yi dokar da ta hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, don bazararsu na ɓata ta, wadda aka dafa kuma sai ta yi makonni a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu sanyi. Bazarar da suke gudu, a Zagga da hunturu za a kira ta, har a nemo bargo.

Ta huɗu ba ta da laifi a damu ko a tata, laifinta a wuyan hannu yake. Tana cika roba har baki, ta murɗe murfi da gefen zani sai ya yi ƙara. Wani ɗan acaɓa ya sayi biyu da hantsi, ya cusa a aljihun babur kusa da inji, ya kama hanyar Tsamiya. Gargada ta kaɗa, inji ya gasa. Da ya tsaya a inuwa, gindin robar ya riga ya kumbura ba ta iya tsayuwa a ƙasa. Ya sa haƙori ya murɗa. Rabin kunun ya tafi a gemu da gilashin ido, fasinjan da ke baya ya samu rabonsa a farar shadda, kuma shi da ɗaurin aure za shi.

Ita Ba-a-asara, kwantan jiya ba ya zubewa a gidanta. Ta juye shi cikin na yau, ta bi da sukari. Ba ta san ta ba sabon kunu tsohon iri ba ne, na yau ɗin ma ba zai ga la'asar ba. In ka ce, "Inna, na yau na?" sai ta ce, "Yau na ɗura shi da hannuna, ɗana." Ba ta yi ƙarya ba.

Mai dogaro da firji ba ta buƙatar dogon bayani: an ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare, da safe aka tarar da murfi uku a ƙasa. 'Yar'uwarta mai sa kunu a kula da ƙanƙara ta fi ta wayo, sai dai da azumi ƙanƙarar kan kusa fin kunun tsada.

Tsohuwar unguwa ba agogo, ba waya. Ɗan yatsa take tsomawa a damammen ƙullu, in ya iya zama ba ta janye ba, lokacin haɗi ya yi. Kiran sallar farko take tata, ta bar sarari kamar yatsa biyu a wuyan kowace roba, kuma ba ta dama abin da ya fi cinikin yini. Ka roƙe ta ma'auni ta ce maka "daidai misali", ka fito kamar yadda ka shiga.

Masu saye ma suna da gwaninsu, Mai-matsi. Ba ya taya, ba ya tambaya. Ya durƙusa gaban kula, ya ɗauki roba ya latsa da babban yatsa. Mai tauri ya mayar, mai laushi ya ware gefe. Sai ya latse goma sha biyu, ya bar kula a buɗe ƙanƙara na narkewa, sannan ya miƙe ya ce wa yarinya mai talla, "Ƙanwata, babu zoɓo?"