Ihu Bayan Hari

Ranar Laraba, 7 ga Fabrairun 2024, Najeriya za ta kara da Afirka ta Kudu a Bouaké ta Kwaddibuwa, wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka, ƙarfe 6 na yamma agogonmu. Tun la'asar aka ɗauke mana wuta, gidan kallon unguwa kuwa ya cika har bakin ƙofa. Ni kuma ga sabuwar waya, ga data na loda, sai na shiga gayya. Na kira Kawu, na kira maƙwabta, na shimfiɗa tabarma a zaure, na jingina wayar da flas ɗin shayi.

Da farko hoto tar, har takunkumin fuskar Osimhen ana gani. Kawu ya gyara zama ya ce, "Lallai zamani." Can sai 'yan wasa suka fara narkewa. Fuska ta ɓace, lambar riga ta ɓace, ƙwallo ta koma wani farin ɗigo mai kusurwa huɗu. Kawu ya matso da ido.

"Kai yaro, hazo ake yi a Kwaddibuwa?"

Ƙanena da ke karatun kwamfuta a jami'a ya ce lafiya lau wayar take, aikinta take yi. Wai bidiyo ba a dunƙule yake zuwa ba. Yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan daƙiƙu, kuma kowace gunduwa ana ajiye ta kala-kala: 144, 240, 360, 480, 720, 1080. Wayar sai ta auna tsawon lokacin da gunduwar baya ta ɗauka kafin ta iso, ta duba abin da ya rage mata a ajiya, sannan ta nemi ta gaba daidai ƙarfin sabis. Kamar mai shayi ne, in aljihunka da nauyi ya haɗa maka mai kauri, in babu ya miƙo ruwan bunu, amma ba zai bar ka da kofi wayam ba. Ya ce kamfanin Apple ya fito da tasa dabarar, HLS, a 2009, aka kuma tsayar da wata ta kowa da kowa mai suna DASH a 2012.

"Yau duk unguwa turken sabis ɗaya muke tatsa, Yaya. Ka bar ta ta zaɓa da kanta."

Na ce ban sayi waya da tsada don ta riƙa yanke mini hukunci ba. Na shiga saiti na kafe ta a 1080.

Hoto ya dawo garau, jama'a suka tafa mini. Sai kuma wani ɗan wasa ya yi tsalle ya ƙi saukowa. Yana nan a sama, baki buɗe, 'yar da'irar nan tana juyi a kan cibiyarsa. Yaron ya ce 1080 na son wajen megabit 5 a kowace daƙiƙa, mu kuwa ko ɗaya ba lallai muna samu ba. Ya ƙara da cewa dama kallo ta intanet yakan zo a bayan rediyo, don waya sai ta tara gunduwoyi kafin ta nuna, kuma tawa duk tsayawar da ta yi daga inda ta tsaya take ci gaba. Na aike shi sayen ruwa.

Bayan Magariba abin ya fito fili. Ihu ya tashi a unguwa, mu a zaurenmu ana jifa daga gefen fili. Sai da yara suka gaji da buga gwangwani sannan namu alƙalin ya ba da fanaretin da Troost-Ekong ya ci a minti na 67. Kawu ya ce, "Wannan wasan jiya kake nuna mana?" Na tashi na rufe ƙofar zaure, na kafa doka: ba ruwan kowa da hayaniyar waje.

Wajen minti na 85 wani ihun ya sake tashi, wanda ya fi na farko, sannan ya mutu ɗif. Muka yi kamar ba mu ji ba. Wayar ta tsaya, ta motsa, ta tsaya, sai ga Osimhen ya tura ƙwallo raga. Ban san lokacin da na ɓalle ƙofa ba. Na fita ba takalmi, hula a hannu, ina "Biyu! Biyu! An gama!" har teburin mai shayi.

Mutum fiye da cikin bas a tsaye kewaye da rediyo, kowa hannu a ka. Suka juyo suna kallona. Mai shayi ya ce, "Malam, lafiya? An soke tun ɗazu. Alƙali ya je ya duba na'ura, wai ɗanmu na Kano Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau tun a can baya. Fanareti aka ba su." Bai rufe baki ba Mokoena ya farke.

Na koma zaure na tarar Kawu yana rawa da sandarsa, maƙwabta na rungumar juna. Na zauna shiru ina kallon mutanen da na san abin da zai same su nan da minti biyu. Kawu ya ce, "Kai ba ka murna?" Na ce ƙafata ce ke ciwo.

Ana shiga ƙarin lokaci saƙo ya shigo: data ta ƙare, 1080 ta lashe ta. Haka muka ɗunguma teburin mai shayi, da kunne muka ji Nwabali ya tare biyu a bugun fanareti, Iheanacho ya buga ta ƙarshe, 4 da 2. Tun daga ranar yaran unguwa "Baba Biyu" suke kirana.

Ranar 11 ga wata, da Kwaddibuwa ta farke ta ƙara mana a wasan ƙarshe, mai shayi ya aiko yaro gidana. Wai don Allah in kunna wayata jama'a su zo, tunda a can har yanzu muna 1 da nema.