Minti Biyu Ne Kawai

Majalisarmu tana bakin titin Gwarzo, gaba kaɗan da Rijiyar Zaki, inda mai shayi yake kafa teburinsa bayan magariba. Duk mai zuwa sabuwar Jami'ar Bayero daga cikin gari ta gabanmu yake wucewa, don haka ko ba ka taɓa zama a zauren lakca ba, ka san ranar da aka koma karatu, ka san makon jarrabawa, daga yawan motoci da ƙarar oda kaɗai. Rabinmu 'yan unguwa ne, rabi kuma ɗalibai masu haya a Danbare da Rimin Gata. Mun saba har mun zama ɗaya, shi ya sa idan ana hirar jami'a kowa "mu" yake cewa.

Daren Talatar nan wani ɗan aji uku ya iso ransa a ɓace. Ya fito daga lakca ƙarfe biyu, ya tarar an tare masa mashin da mota, gaba bango, baya mota. Sai bayan la'asar mai motar ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya ce masa, "Yi haƙuri ɗan'uwa, na ɗauka minti biyu kawai zan yi."

Majalisa ta ɗauki dariya, domin babu wanda bai san wannan minti biyun ba. Shi ne muke faɗa a ƙofar masallacin Juma'a, shi ne muke faɗa a Kantin Kwari, shi ne muke faɗa idan mun toshe lungu za mu shiga gaisuwa. Baba, tsohon direban kwasta da ya yi shekaru yana jigilar ɗalibai, ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, mu fa inuwa muke bi. Ka je ka duba gobe. Filin da aka ware, aka ja masa layi, aka kafa masa allo, za ka gan shi fayau in dai rana ce a kansa. Amma ka nemi gindin darbejiya, za ka tarar da mota biyar sun haɗa kai kamar tumaki."

Gaskiya Baba ya faɗa, kuma ni ban ga laifin son inuwa ba. Wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a rana cikin watan Afrilu a Kano ya san sitiyari ba ya taɓuwa, kujerar mashin kuwa sai ka yayyafa mata ruwan leda kafin ka zauna. Abin da yake damuna shi ne inda inuwar take faɗuwa. Bishiyoyin an dasa su ne a bakin gine-gine da gefen hanyar ƙafa, domin mutane. Idan mota ta shige ƙarƙashinsu, ta zauna ke nan a kan hanyar da ɗaruruwan ɗalibai za su bi su fita daga zaure cikin minti goma, kafin wasu ɗaruruwan su shiga. Na taɓa ganin wata ɗaliba a keken guragu ta tsaya a gindin gangaren da aka yi domin irinta, mota ta rufe bakinsa ruf. Ƙawayenta huɗu ne suka ɗaga ta da keken suka haye matakala da ita, tana riƙe da littattafanta a ƙirji, kanta a sunkuye. Mai motar bai san an yi ba. Wataƙila mutumin kirki ne, wataƙila da ya gani da shi ne farkon kama keken. Amma bai gani ba, yana can cikin minti biyunsa. Haka hanyar asibitin makaranta, haka mashigar ɗakunan kwana. Ranar da wuta za ta tashi a ɗakin kwanan ɗalibai, Allah ya kiyaye, motar kashe gobara ba ta da lokacin neman mai makulli.

Wani ɗan adaidaita sahu da ke zama da mu ya ce shi abin da ya fi ba shi mamaki halinmu ne a bakin ƙofa. "Ka ga mutum ya yi layi a gidan mai awa uku bai ce uffan ba, amma mai gadi ya ce buɗe but, sai ya hau danna oda yana cewa ai an san ni." Nan ma aka yi ta tofa albarkacin baki. Wani ya ce katin da ake ba ka a ƙofa ka mayar in za ka fita ɓata lokaci ne. Mai shayi ya juyo daga kan tukunyarsa ya ce, "Malam, ba a taɓa sace maka mashin ba ke nan. Katin nan shi ne shaidar cewa wanda ya shiga da abin hawa shi ne yake fita da shi."

Sai Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tuna mana ranar Lahadi, 29 ga Afrilun 2012, da 'yan bindiga suka kai hari tsohuwar jami'a a kan Kiristoci masu ibada, aka rasa rayuka har da manyan malamai. Yawancin ɗaliban da ke teburin a lokacin suna firamare. Ya ce, "'Ya'yana, mu da muka ga shekarar nan ba ma jin haushin a ce mu buɗe but. Mai gadin nan da kuke wa oda tun asuba yake tsaye, kuma ku yake tsarewa." Babu wanda ya ƙara magana har sai da aka zuba wani zagayen shayi.

Zirga-zirgar ɗalibi a Kano ba ƙaramin aiki ba ce. Makarantar da ta taso daga Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977 yau ta bazu: tsohuwa tana can wajen Kabuga, sabuwa tana nan titin Gwarzo, masu karatun likita kuma suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya. Da can acaɓa ne gatan kowa, har zuwa Janairun 2013 da gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Daga nan adaidaita sahu, wadda aka fara kawowa zamanin gwamnatin Malam Shekarau domin ɗaukar mata, ta zama ta kowa da kowa. Sannan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Tun daga ranar lissafin ɗalibi ya canza. Akwai wanda yake zaɓa tsakanin kuɗin mota da abincin rana, akwai wanda yake takowa daga Janbulo zuwa Kabuga don ya rage kuɗin hawa ɗaya.

A nan ne nake alfahari da mu. Ka tsaya a Kabuga da safe ka gani. Malami zai rage gudu ya sauke gilashi ya ce, "Sabuwa za ku? Ku shigo." Ɗaliba mai mota za ta kwashi 'yan ajinsu mata huɗu kullum, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Mai mashin zai goya wanda bai san sunansa ba saboda kawai ya gan shi da littafi a hannu. Rage hanya muke ce masa, kuma na san ɗaliban da ba don shi ba da ba su kammala karatu ba. Babu dokar da ta rubuta wannan, babu mai tilasta shi. Mun ɗauki makarantar gida, mun ɗauki na cikinta 'yan'uwa. Na jima ina tunanin cewa daga tushen nan ne ma ɗaya halin yake fitowa: tunda gida ne, sai mu ajiye mota inda muka ga dama kamar a ƙofar zauren mahaifinmu, muna ganin ai ɗan'uwa zai yi haƙuri. Yana kuwa yi. Sai dai haƙurin da aka tilasta wa mutum ya yi a rana tun ƙarfe biyu har la'asar ba zumunci ba ne.

Da aka zo maganar gudu, murya ta ɗaga. A titin gari muna tsoron 'yan KAROTA da jami'an kiyaye haɗurra, muna ɗaura bel tun daga nesa. Da mun wuce ƙofar makaranta, muka ga kwalta shimfiɗe babu cunkoso, sai ƙafa ta yi nauyi a kan totur. Dokar ƙasa ta ce sai ka cika shekara 18 za a ba ka lasin, amma nawa ne daga cikin yaran da ake miƙa wa makullin motar gida ranar da suka samu gurbin karatu suka taɓa zama gaban mai koyar da tuƙi? Wani Alhaji maƙwabcinmu ya ce wannan laifinmu ne mu iyaye, kuma ya fara da kansa: sai da ɗansa ya kawo lasin a hannu kafin ya bar shi ya fita da mota, ko da uwar yaron ta yi ta roƙo. Ranar gama jarrabawar ƙarshe kuwa zuciyata ba ta kwanciya. Murna halal ce, shekara huɗu ko biyar ba wasa ba ne. Amma wasan mota a cikin taron jama'a, taya tana ƙara, yara sun fito da rabin jiki ta taga, wannan murna ce da kan iya komawa zaman makoki kafin magariba, iyaye kuma suna gida sun dafa abinci suna jira.

Masu ƙafa ma an taɓa su. Ɗan sahun ya ce sai ka ga mutum huɗu sun jera a tsakiyar titi, kunne a toshe da waya, ka yi oda har ka gaji. Haka ne, kuma ya kamata mu gyara. Amma Baba ya ce a cikin makaranta mai ƙafa ne mai hanya, domin su ne dubbai, masu mota kuwa tsiraru, kuma in aka yi karo jikin mutum ne yake karyewa. Ya ce shekarun da ya yi yana tuƙi a ciki bai taɓa wuce giya ta uku ba, kuma bai taɓa kai ɗalibi lakca a makare ba saboda haka.

Ɗan aji ukun nan da ya zo da fushi ya huce. Ya ce shi dai daga gobe, in dole ta sa ya tsaya bayan wani, zai rubuta lambar wayarsa a takarda ya maƙala. Alhaji ya ce ya fi kyau ya ajiye a filin da aka ware ya yafa wa kujerar tsohon buhu. Mai shayi yana tattara kofuna ya tambaya ko akwai mai shiga tsohuwar jami'a da safe, domin ƙanwarsa tana da gwaji ƙarfe takwas kuma adaidaita tana wahalar samu a lokacin. Alhaji ya ce matarsa za ta bi ta Kabuga, akwai wurin mutum uku a baya. Aka tsayar da bakwai da kwata, a nan bakin tebur.