Sabis ɗinmu da rezon Ƙonni

Mu mutanen Illela ba a raba mu da layi biyu. Ɗaya na gida mai 234, ɗaya na Nijar mai 227, duk cikin waya guda kamar kishiyoyi a ɗaki ɗaya. In MTN ko Glo ya yi nauyi, sai a juya wa Zamani ko Moov, tunda daga nan zuwa Birnin Ƙonni ɗan hawan kabu-kabu ne. Mu mu ce sabis, mutanen Ƙonni su ce rezo. Mu mu ce wayfai, su su ce wifi, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne bai iya faɗa ba.

To da haka muke jona kwamfuta da intanet. Wa ya ja mana waya har gida? Hosfot ake kunnawa a wayar hannu, a matsa 'yar alamar nan mai kama da mafici a ƙasan kwamfuta ta hannun dama, sunayen maƙwabta su jero reras. Nan ake sanin halin mutum. Wani ya sa wa nasa "Sayi Naka", wani "Ba Na Gwamnati Ba Ne". Ni dai na fi tausayin mai sa lambar sirri 12345678, wai don an ce sai ta kai takwas. Kafin la'asar yaran layinsu sun gama kallon ƙwallon Ingila da kuɗinsa.

Roƙon lambar kuwa da ladabinsa. Ba a faɗa wa mutum kai tsaye. Sai an gaishe shi, an tambayi iyali da kasuwar Lahadi, an yi jajen farashin shanu, sannan a sunkuyar da kai: "Kawu, ɗan saƙo guda zan tura." Kawu ya karɓi kwamfutar ya juya baya ya danna da kansa, bai san ta riƙe lambar ba. Gobe ko sallama ba a yi ba, da an zauna a dakalinsa ta kama.

Ita ma kwamfutar ɓarauniya ce. Da ta ji wayfai sai Windows ya hau sabunta kansa, datar mako ta tafi kafin shayi ya huce. Yaran shagunan rajistar JAMB sun san maganinta, suna shiga saiti su nuna mata cewa datar a ƙirge take. Sai kuma wayar da aka bari tana zaɓar sabis da kanta: ka matsa wajen shingen kwastan ta tsallaka Nijar ba fasfo, a caje ka kuɗin baƙo kana tsaye a ƙasarku.

An rufe iyakar nan a Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024. Tireloli sun yi layi, albasa ta ruɓe, amma rezo bai taɓa tsayawa a shinge ba. A Satumbar 2021 ma da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, mai layin Nijar a bakin iyaka ya zama ɗan gata.

Jiya Kawu ya sauya lambarsa. Ya kira ɗan'uwansa na Ƙonni yana karanto masa ita da ƙarfi a bakin ƙofa, wai don kada ya manta, mu kuma muna dakali mu shida, kowa ya yi shiru.